Wasiƙun da Na Mayar

Sun cire akwatin wasiƙar. Makon jiya na ɗauko fasinja a East Greensboro, wata ɗaliba mai jaka biyu, hanya ta bi da ni ta ƙofar gidan, sai na ga ƙafata ta taka birki ba da shawarata ba. Gidan yana nan. Sun shafe shi da fenti ruwan toka, sun sare bishiyar da ke gefensa, sun zuba siminti inda ciyawa take don yara su ajiye motoci. Barandar ma sun toshe ta da katako ta zama ɗaki, a ƙara ɗan haya ɗaya. Duk wannan bai taɓa ni ba, gida na mai shi ne, ya yi yadda ya ga dama. Amma a bakin titi, inda baƙin akwatin ƙarfen nan yake tsaye a kan gungume, babu komai sai wani ɗan rami da ruwan sama ya kwanta a ciki. Yarinyar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, birki nake gwadawa.

Ni ba mai ilimi ba ne, kada wani ya karanta wannan yana neman Hausar malaman jami'a. A aji uku na sakandare na tsaya, na bi wani kawuna sayar da kayan gyaran babur, daga nan sunana ya fito a cacar bizar nan, na wayi gari a ƙasar da ban taɓa mafarkinta ba, da takardar zama halastacciya a aljihu da Turancin da bai wuce na gaisuwa ba. Aka ba ni lambar wani dattijo da kowa ke kira Alhaji, shi ne mai saukar baƙi a garin nan a lokacin. Duk wanda ya sauko daga jirgi daga Kano ko Jos ko Maradi, hannun Alhaji yake fara faɗawa. Shi ya samo mini aikin ɗaukar kaya a wani sito a Wendover, aikin da ya cinye mini baya har na koma tuƙi, shi kuma ya kai ni gidan Mama.

Mama baƙar Ba'amurkiya ce, tsohuwa, gajera, mai farin gashi kamar auduga. Mijinta ya rasu, 'yarta tana wata jiha mai nisa, gidan ya yi mata girma, sai ta ba Alhaji saman benen gaba ɗaya ya zuba mu. Mu shida ne, wani lokaci takwas. Ita tana ƙasa. Abin da na fi tunawa da gidan nan ƙararsa ce. Jirgin ƙasa yana ratsa gari yana kuka tun daga nesa. Ƙofar raga ta kicin tana bugawa sau biyu duk wanda ya wuce. Idan ganye ya fara zuba, 'yan badujalar jami'a suna gwaji da yamma, gangunansu suna shigowa har cikin kwanon abincinka. Sai kuma motar gidan waya wajen azahar, ta tsaya, ta tashi, ta tsaya, ta tashi, kana jin ta tun daga kan kwana, har ka ji murfin akwatinmu ya yi ƙara. Mu muke yanke mata ciyawa, mu share ganye, mu fitar da shara ranar da ake kwashewa. Ita kuma ran Lahadi ta dafa wani ganye mai faɗi kamar na kabeji, tukunya guda, ta aiko mana. Da naman alade suke dafa shi a al'adarsu, amma tun ranar da ta gane ba ma ci ta koma sa ƙyafaffen talotalo, ba ta taɓa yi mana gori a kai ba. Bishiyar da suka sare tana zubar da wasu 'ya'ya masu ɓawo, fikan suke ce musu, cikinsu kamar gyaɗa. Mu tsince mata, ta zauna a baranda tana fasawa tana ba mu labarin mutanen unguwa, wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu.

Yanzu yaro zai sauka a filin jirgi da adireshi a waya, ya shiga ɗakinsa shi kaɗai a ɗaya daga cikin gidajen hayar Wendover, ya shekara bai san fuskar maƙwabcinsa ba. Mu a lokacin kwano ɗaya muke ci, sirrinmu ma ɗaya ne. Sirrin kuwa shi ne ba kowa a saman benen nan ke da takarda ba. Akwai wani ɗan Maradi, abokin ɗakina, mutum mai barkwanci da ba ya gama magana bai sako Faransanci ba. Bizarsa ta mutu tun kafin in zo, yana aiki da sunan wani. Kafin shi ma an yi wasu irinsa, sun wuce, sun bar sunayen aro suna yawo a takardun kamfanoni. Saboda haka Alhaji ya kafa doka, yana kuma maimaita ta ga duk sabon zuwa kamar karatun allo: duk ambulan da ta zo da kamar ta hukuma, da sunan da ba ka sani ba, kada ka buɗe, kada ka ajiye, kada ka yi tambaya. Ka rubuta "Not here", wato ba ya nan, a bayanta, ka mayar cikin akwati, ka ɗaga 'yar jar tutar da ke jikin akwatin, mai wasiƙa ya tafi da kayansa. Yakan ce, "Takardar da ba ta kwana a gidanka ba, ba ta san ka ba." Mun yarda da shi. A ganinmu rufin asiri ne, kuma rufin asiri ibada ne.

Wannan doka ba ta taɓa cutar da kowa ba, don Mama ce ke buɗe akwatin da kanta. Ta ware nata, ta ɗora namu a kan matakala. Sai wata bazara ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki aka kai ta gidan jinya wajen wata biyu. Da za a fita da ita ta miƙo mini makullin ƙasa ta ce in shayar da furanninta, in kula da akwati. Ni ta zaɓa don ni ne ba na mantuwa.

A nan dole in faɗi wani abu da Bature ba zai gane ba, kai ko 'ya'yanmu na nan ba za su gane ba. Shekara huɗu ina gidan matar nan ban san cikakken sunanta ba. Na san sunan mijinta, don shi ke kan takardar wuta da ta ruwa. Na san wani ɗan gajeren laƙabi da 'yan cocinsu ke kiran ta da shi. Amma sunan yanka, ban sani ba, ban nema ba, idan ma wani ya fara faɗa sai in kawar da kunne. Ni da na tashi a gidan da ban taɓa furta sunan mahaifiyata ba, ko wata mai irin sunanta na haɗu da ita sai in ce mai sunan Inna. Matar da ta ciyar da kai, ta haife ka a shekaru, ina kai ina tambayar sunanta? Mama ce, shi ke nan.

To, tana gidan jinya sai ga wata ambulan fara, an buga adireshinmu da inji, da sunan mace da wani sunan uba da ban taɓa gani ba. Na juya ta, na ɗaga ta a rana. Na ce ko dai tsohuwar 'yar haya ce, ko kuwa irin sunayen aron nan ne ya biyo mu. Na ɗauko biro na rubuta abin da aka koya mini, da manyan baƙaƙe, na ɗaga tuta. Bayan 'yan makonni wata ta sake zuwa, wannan karon da tambarin ofishin zaɓe, sunan dai shi ne. Tambarin ma ya ƙara tsorata ni. Na sake rubutawa, har da ja layi a ƙasa. Na hau sama na ci tuwon semo na yi barcin rana, ina jin na yi aikin kirki.

Ta dawo da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta rame, amma bakin yana nan. Ganye ya fara zuba, 'yan badujala suka fara, alluna masu sunayen 'yan takara suka cika bakin titi. A jihar nan ana buɗe rumfa kwanaki kafin ainihin ranar zaɓe, kuma al'adar cocinsu ce ran Lahadi bayan an tashi su cika motar coci su tafi tare, da hulunansu da fararen safar hannu. Mama ba ta taɓa fashi ba. Ranar na taimaka mata ta sauka matakalar baranda, na koma yankan ciyawa. Ban gama ba motar ta dawo da ita. Babu ɗan tambarin nan da ake manna wa wanda ya jefa ƙuri'a a ƙirjinta. Ta zauna a kujerarta ba ta cire hula ba.

Na kashe injin na ce, "Mama, layi ne ya yi tsawo?"

Ta ce, "Sun ce ba na nan."

"Ba kya ina?"

"A gidan nan. Yarinyar ta duba na'urarta ta ce an cire ni, wai na tashi. Na ce mata 'yata, a ɗakin gaban gidan nan na yi naƙudar wadda ta girme ki. Ta ce in cika wata takarda su ajiye a gefe, daga baya su duba ko za su ƙirga. Na ce a'a. Zamanin wariya na sha ruwa a famfon gefe, na shiga asibiti ta ƙofar gefe, ba zan jefa ƙuri'a a gefe ba."

Ranar ta ba ni labarin babanta, ba don in ji tausayi ba, tana fasa fikan tana magana kamar labarin wani. Mutumin shi ke karanta Littafi a cocinsu, muryarsa har waje. Sau uku yana sa kwat ɗinsa ya je yin rajista, sau uku magatakarda yana buɗe masa kundin tsarin mulki ya ce karanta nan, ya karanta tas, a ce to fassara, ya fassara, a ce bai gamsar ba. Ya mutu bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Da doka ta sauya, alƙalai suka tilasta aka daina wannan jarrabawa, ita ta je ta yi rajista tana budurwa, da sunanta da sunan babanta. Da ta yi aure ta sauya suna a banki da ko'ina, amma ta ƙi taɓa na rajistar zaɓe. Ta ce, "Duk ranar zaɓe sai ma'aikaci ya nemo sunan babana a littafin nan, ya ce ga shi. Shi ke nan abin da na iya yi masa."

Ina tsaye da hannuna duk ciyawa. Ko a lokacin ban haɗa abin ba, wallahi. Kaina bai kawo ba.

Bayan kwana biyu wata lauya ta zo, matashiya baƙa, daga wata ƙungiyar masu kare haƙƙin jama'a, fasto ne ya turo ta. Ashe ba Mama kaɗai ba ce. Wani mutum ne, ba ma'aikacin gwamnati ba, shi da abokansa, suka aika wasiƙu unguwanni. Duk wadda ta dawo sai su kai ta ofishin zaɓe a matsayin hujja cewa mai sunan ya tashi. Ofishi ya aika takardar kira a zo a kare kai, wanda bai zo ba a goge shi. Ƙungiyar ta shigar da ƙara a kotun tarayya, ana sauri don zaɓe ya matso. Lauyar ta baza takardu a teburin baranda, ni ina gyara ƙofar raga. Ta ce, "Abin da ban gane ba, wani ne ya rubuta da hannu cewa ba kya nan." Ta ɗaga hoton ambulan. Daga inda nake na hango rubutuna, har da layin da na ja.

Zan iya ci gaba da ɗaure kusa. Babu wanda ya san rubutun hannuna. Na ajiye sukudireba na ce, "Ni ne."

Mama ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ba ka san sunana ba?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Shekara huɗu kana cin ganyena." Na ce a wurinmu ba a tambayar sunan uwa. Ta juya wajen lauyar ta ce, "Kin ji. Ladabi ne ya kore ni daga littafi."

Lauyar kuwa idonta ya buɗe kamar ta tsinci abin da take nema. Ta ce shaidata ita ce za ta nuna wa alƙali cewa ambulan da ta dawo ba hujjar komai ba ce. Ga mace a gidanta, ga wanda ya mayar da wasiƙar, ga dalili. Ta ce in zo kotu in faɗa da bakina.  Mu a gida, mutumin kirki yakan yi alfahari cewa har ya tsufa bai taɓa taka ƙofar alƙali ba, ko a matsayin shaida.

Maganar ta kai kunnen Alhaji kafin Juma'a. Bayan an sallame salla ya ja ni bayan motarsa a filin ajiye motoci.

"Kai, wa ya aike ka? An ce za ka kotu."

"Alhaji, ni na ɓata, ni zan gyara."

"Kotu gidan suna ce, da za ka shiga ka ci waina ka fito? Za su tambaye ka me ya sa ka mayar. Ka ce me? Za su ce su wa ke gidan. Ka ce wa? Kai kana da takardarka a aljihu, shi ya sa bakinka ya yi kauri. Ɗan'uwanka fa?"

"Matar nan ta riƙe mu, Alhaji."

"Ta riƙe mu, Allah ya saka mata. Ƙuri'a ɗaya ce. Ƙuri'a ɗaya ba ta naɗa kowa, ba ta sauke kowa. Wannan rigimar tasu ce, tsakaninsu da Turawansu, tun kafin a haifi kakanka suke yin ta. Mu baƙi ne. Baƙo ya ci abincinsa ya sunkuyar da kai."

Na yi masa sallama na wuce, ba a mayar wa dattijo magana a bainar jama'a. Da na koma gida na tarar da ɗan Maradi yana ninke kaya. Ya ce, "Bon, ɗan'uwa, ban ce ka fasa ba. Tsohuwar tana da gaskiya. Amma ni ba zan zauna in jira in ga ko alƙalinku mutumin kirki ne ba." Ya yi dariya, ya ce in gaishe da alƙali, in ce masa shi ma not here. Washegari da safe ya hau bas zuwa wata jiha. Ban sake ganinsa ba.

Ranar shari'a na sa kaftanina na Sallah. A ƙofa suka sa na cire bel da agogo na wuce ta cikin na'ura. Ɗakin sanyi kamar firji, katako ko'ina, babu hayaniya, babu mai sayar da ruwa, babu ɗan sanda mai tsawa. Tsofaffi baƙaƙe sun cika benci, wasu da sanduna, duk waɗanda aka ce sun tashi. Alƙalin farin dattijo ne mai sanƙo, yana magana a hankali kamar mai jin barci. Lauyarmu ta kafa taswirar gari, an ɗiga ja a duk inda aka aika wasiƙun nan. Gabas, unguwarmu ta baƙaƙe, ta yi jawur kamar an watsa barkono. Wajen Irving Park, inda manyan gidaje da filin wasan masu kuɗi suke, fari tas. Ni da ban gama sakandare ba na karanta taswirar nan ba tare da an fassara mini ba. Lauyan ɗaya ɓangaren ya ce ba ruwansu da launin kowa, su dai suna tsabtace littafi ne, kuma unguwannin da ake yawan tashi suka bi.

Aka kira ni, na ɗaga hannun dama na yi rantsuwa. Lauyarmu ta bi da ni a hankali, na faɗi yadda aka yi. Sai ɗayan ya taso, dogo, yana murmushi.

"Shekara nawa ka ce ka yi a gidan?"

"Huɗu."

"Kana so kotu ta yarda cewa shekara huɗu kana gidan mace ba ka san sunanta ba?"

"Mama nake ce mata."

"Ba ka taɓa tambaya ba?"

"A wurinmu rashin kunya ne."

Wasu tsofaffi suka yi 'yar dariya a baya, wata ta ce haka ne, ɗana. Ya ce to me ya sa ban ajiye wasiƙar ba har ta dawo. Na ce dokar gidanmu ce, sunan da ba mu sani ba muna mayarwa. Ya matso. Ya ce dokar wa? Su wane ne ke saman benen, su nawa ne, me suke tsoro? Ga tambayar Alhaji ta iso, kalma da kalma.  Na riga na rantse, ƙarya ba ta yiwuwa, gaskiya kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Kafin in buɗe baki lauyarmu ta miƙe, alƙalin kuma ya ɗaga hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Ya ce ba a kawo ƙarar masu haya gabansa ba, abin da ke gabansa shi ne ko matar nan tana zaune a gidanta. Ya ce a wuce.

Sai shi da kansa ya juyo gare ni. Ya sa aka miƙo mini ambulan, ta ainihi, a cikin leda. Ya ce, don a rubuta a kundin kotu, in karanta sunan da ke jiki da ƙarfi, in kuma nuna ko mai sunan tana ɗakin nan.

Na dubi Mama. Tana benci na biyu da hularta ta coci, hannu biyu a kan sanda. Wallahi ɗaukar firji a sito bai taɓa yi mini nauyin wannan ba. Na karanta. Sunanta, da na babanta. Muryata ta fito kamar ta wani. Na nuna ta da hannu gaba ɗaya, don ba a nuna babba da yatsa. Na ce, "Ga ta nan. Ba ta taɓa tashi ba."

Hukuncin ya fito kafin mako ya ƙare. Alƙalin bai ce wariya ba, ko sau ɗaya, na sa lauyar ta duba mini. Ya ce dai doka ta hana a kwashe mutane jimla a goge su gab da zaɓe, kuma ambulan da ta dawo ba ta isa ta raba mutum da ƙuri'arsa ba. A mayar da kowa, nan take. Taswira mai barkono tana gabansa, ya bi ta wata ƙofar. Na daɗe ina jin haushin wannan. Mama ta ce ita ba ta damu da ƙofar da ya bi ba, tunda ta gaba ya buɗe mata.

Abin da ya biyo baya ba wani abin a zo a gani ba ne. Babu wanda ya zo kama kowa a gidan. Amma Alhaji ya daina kawo baƙi, waɗanda ke nan suka zare ɗaya bayan ɗaya, saman bene ya rage ni kaɗai. Shekara biyu ina gaishe shi a masallaci yana amsawa da ka. Aka sa mini suna ɗan kotu, har yau akwai masu sauke murya idan na shigo wurin suna ko ɗaurin aure. Mutanen nan kuwa yawancinsu yanzu sun zama 'yan ƙasa, ranar zaɓe su cika guruf ɗin waya da hotunansu da tambari a ƙirji. Ba wanda ya taɓa cewa ɗan kotu, ashe ka yi daidai. Ban kuma jira ba.

Kotunan ma ban ɗauke su waliyyai ba. Tun da na zama ɗan ƙasa an sauya mini mazaɓa ban san sau nawa ba, ina kwance a gado ɗaya. 'Yan majalisa su zana layi su raba unguwar baƙaƙe biyu, wata kotu ta ce a goge, a sake zanawa, wata ta sama ta ce ba ruwanta, a sauya alƙalai, abin da aka hana jiya ya halatta yau. Na gane cewa kotu ba ta zuwa neman ka. Sai wani ya sa kaftaninsa ya je ya tsaya, ya kuma yi asarar wani abu. Ɗana ya isa zaɓe bana. Katinsa ya zo, yana kan firji har yanzu bai buɗe ambulan ba. Na yi masa magana da Hausa, ya amsa mini da Turanci cewa 'yan takarar duk ɗaya suke. Yaron da ke kiran malamansa da sunansu, me zan ce masa? Na bar shi.

Ranar zaɓen da ya biyo bayan shari'ar nan ni na kai Mama, a tsohuwar motata mai ƙofa ɗaya da ba ta buɗuwa. Ana iya kawo wa tsofaffi takarda har mota, ta ce ba ta so, da ƙafarta za ta shiga. Muka bi layi tana jan sanda. A nan sai ka faɗi sunanka da adireshinka da baki kafin a ba ka takarda. Ta faɗa, da ƙarfin da har na ƙarshen layi ya ji. Ma'aikaciyar ta bi littafi da yatsa, ta tsaya, ta ce ga shi. Ni na koma bakin ƙofa na jira, lokacin ban da ƙuri'a.

A mota ta manna tambarin a kan hularta, ba a ƙirji ba. Mun kusa gida ta ce, "Ka faɗe shi daidai ranar nan. Rabon da in ji sunan nan cikakke a bakin namiji tun babana yana raye." Na ci gaba da tuƙi. Ta ce, "Sake faɗa in ji."

Na ce, "Mama, ranar alƙali ne ya sa ni. A motar nan babu alƙali."

Ta yi dariya har sai da ta yi tari. Ta ce in tsaya a bakin akwati, ita za ta duba da kanta.

Ta ƙara jefa ƙuri'a sau biyu kafin ta rasu. Sunan yana kaina, na san shi kamar nawa. Ban sake furta shi ba tun ranar kotu, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.